Warantin da ke kan Kawu: yadda muka gano shi da yadda muka sauke shi a New Jersey

Bayan sallar isha'i ne Kawu ya kira ni, ƙanin mahaifiyata ne, shekararsa goma sha ɗaya a Amurka, kuma tun da nake da shi ban taɓa jin muryarsa ta yi rawa haka ba sai ranar rasuwar kakarmu Hajiya. Ya ce ɗana kana gida? Na ce ina gida Kawu, lafiya dai? Ya ce to ga ni nan zuwa, kada ka faɗa wa kowa. Da ya shigo ko zama bai yi ba ya miƙo min waya, kamfanin da yake wa aikin kai kaya ne suka turo saƙo cewa sun tsayar da shi daga aiki, wai binciken da suke yi wa direbobi duk shekara ya nuna an dakatar da lasinsa na tuƙi. Shi kuma wallahi bai san da zancen ba, ga lasin nan a aljihunsa kwanan watansa bai ƙare ba, kullum da shi yake fita tun asuba.

Na ce Kawu ka tuna dai, akwai wani tikiti da ɗan sanda ya taɓa ba ka ba ka biya ba? Ya daɗe shiru sannan ya ce akwai, amma ai wannan ya fi shekara ɗaya da rabi, kuma ba wani laifi ba ne, katin inshora ne kawai ya manta a gida. A wani ƙaramin gari ne yamma da Newark aka tsayar da shi da daddare saboda fitilar baya ɗaya ta mutu, ɗan sandan ya nemi takardu, lasin na nan, rajistar mota na nan, katin inshora babu, alhali inshorar tana aiki, sabon katin ne ya zo ya bar shi cikin ambulan a kan firij. Aka rubuta masa tikiti. A jikin tikitin New Jersey akwai wani ɗan akwati da ɗan sanda ke yi wa alama in dole sai mutum ya bayyana gaban alƙali, to nasa an yi masa alamar, ke nan ba irin wanda za ka biya ta intanet ka huta ba ne. Kawu ya ce ya gani kuma ya yi niyyar zuwa. Saura kwana tara ranar kotun aka kira daga gida cewa jikin Hajiya ya yi tsanani, ya ranci kuɗin jirgi ya tafi, ya yi jinyarta wata biyu, Allah ya karɓi abarsa, ya tsaya aka yi sadakar arba'in aka raba abin da za a raba, wata huɗu cur sannan ya dawo. Da ya dawo ma ɗakin da yake haya a Newark an ba wani, ya koma East Orange wajen abokinsa, kuma bai sanar da hukumar motoci ta jiha cewa ya canza adireshi ba, abin da doka ta ce a yi cikin mako ɗaya. To duk wasiƙar da kotu ta aika da wadda hukumar motoci ta aika, can tsohon gidan suka riƙa zuwa, Allah kaɗai ya san kwandon sharar da suka ƙare a ciki.

Ni ba lauya ba ne, ma'aikacin sito ne ni, amma na ɗan fi shi sabawa da kwamfuta, sai muka zauna a daren muka fara nema. Kotunan New Jersey suna da shafin da kowa zai iya shiga ya duba shari'o'in kotunan gari, kana iya nema da suna ko lambar tikiti ko lambar lasin. Muka sa sunansa, babu komai. Har ya fara hamdala na ce tsaya tukuna, domin na san matsalar sunayenmu a ƙasar nan, mutum ɗaya fasfo ya rubuta Muhammad, lasin ya rubuta Mohammed, ɗan Nijar kuma ka ga Mahamadou, wani lokaci ma sunan uba ya koma gaba sunan yanka ya koma baya, ɗan sanda da ke rubutu a gefen titi cikin sanyi ba tsayawa zai yi ya tambaye ka wanne ne wanne ba. Da muka sa lambar lasin sai ga shi ya fito, tikiti ɗaya, ba a rufe shi ba, ranar kotu ta wuce tun tuni. Na gwada ɗayan shafin, NJMCdirect, inda ake biyan tikiti, wanda yake neman lambar kotu da haruffan farkon tikiti da lambarsa da lambar mota, ya ƙi karɓa, ya ce a tuntuɓi kotu.

Washegari ƙarfe tara na kira ofishin kotun, na buɗe sifika Kawu yana zaune kusa da ni ya haɗa hannu biyu a tsakanin gwiwoyi. Matar da ta ɗauka ta nemi lambar tikiti da ranar haihuwa, muka ji tana danna kwamfuta, sai ta ce eh akwai waranti a kansa saboda rashin halarta, belinsa dala 250. Ina jin haka na kalli Kawu, fuskarsa ta yi fari fat, ya miƙa hannu zai kashe wayar, na riƙe hannun. Daga baya ya faɗa min shi a ransa yana ganin kamar suna iya bin layin wayar su zo su ɗauke shi a falona.

Bari in ɗan yi bayanin abin nan domin da yawa daga cikin mutanenmu da sun ji kalmar waranti hankalinsu ke tashi gaba ɗaya. Iri-iri ne. Akwai wanda 'yan sanda ke nema daga wurin alƙali saboda suna zargin mutum da aikata laifi, wannan su za su fita nemanka. Akwai kuma wanda alƙali da kansa yake bayarwa daga kan kujerarsa, kujerar da suke kira benci, shi ya sa ake ce masa warantin benci, kuma dalilinsa yawanci ɗaya ne, an ce ka zo ba ka zo ba, ko an ce ka biya ba ka biya ba kuma ba ka zo ka yi bayani ba. Kotun gari kuwa, wadda suke kira munisifal, ita ce ta ƙasa-ƙasa, kusan kamar majistare a wajenmu, tana duba tikitin mota da na fakin da karya dokokin gari da ƙananan laifuka, a New Jersey kaɗai akwai irinsu wajen 500. A irin wannan ƙaramin al'amari ba kasafai ake turo mota ƙofar gidanka ba, amma sunanka yana nan cikin kwamfuta yana jira, duk ranar da ɗan sanda ya duba lambar motarka ko lasinka, ko da kai aka buga wa mota kai ka kira su, zai fito masa. Kuma ba ya lalacewa don ya daɗe.

Wannan na ƙarshen shi ne inda muka sha wahala da 'yan uwa, domin duk da Kawu ya ce kada a faɗa wa kowa, shi da kansa ya faɗa wa mutum biyu bayan sallar Juma'a, kafin la'asar shawara ta yi yawa. Wani dattijo da muke girmamawa ya ce a ƙyale shi kawai, wai bayan shekara bakwai kwamfuta na goge shi da kanta, ya ce ai shi ya san wanda nasa ya goge. Na gane inda zancen ya samo asali. A watan Janairun 2019 Kotun Ƙolin New Jersey, ƙarƙashin babban alƙali Stuart Rabner, ta yi watsi da tsofaffin ƙananan shari'o'i sama da 780,000 na kotunan gari tare da warantin da ke kansu, amma waɗannan tun kafin 2003 suke, sun haura shekara 15. Haka a birnin New York a 2017 masu gabatar da ƙara na Bronx da Brooklyn da Manhattan da Queens suka sa aka soke sama da 600,000 da suka haura shekara goma. To mutumin da abincinsa ke kan sitiyari zai zauna shekara da shekaru yana jiran a goge nasa? Wani kuma ya ce ya tsallaka Pennsylvania ya yi sabon lasin da adireshin wani, wannan ma ba ta ɓullewa, akwai rajistar direbobi ta ƙasa baki ɗaya da kowace jiha ke dubawa kafin ta ba ka lasin, in an dakatar da kai a wata jiha za su gani, ga kuma laifin ƙarya a takardar gwamnati da ka ƙara wa kanka wanda ya fi tikitin muni nesa ba kusa ba.

Ban ga laifinsu sosai ba fa, tsoron yana da tushe. Duk wanda yake ƙasar nan a 2014 ya tuna Ferguson a jihar Missouri bayan kisan Michael Brown, matashi baƙar fata da ɗan sanda ya harbe, da rahoton da ma'aikatar shari'a ta tarayya ta fitar a Maris 2015, gari mai mutum wajen 21,000 amma kotunsa ta bayar da waranti sama da 9,000 a shekarar 2013 kaɗai, yawanci a kan tikitin mota da ƙananan abubuwa, talakawa baƙaƙen fata ana ta tsare su saboda tarar da ta ninninka. Baƙo da ya ji wannan, ga shi baƙar fata, ga Turancinsa da karin harshe, dole gabansa ya faɗi in an ce kotu. Amma abin da nake ta faɗa wa Kawu a kwanakin nan shi ne, akwai bambanci babba tsakanin wanda ya shiga kotu da ƙafarsa riƙe da takardunsa da wanda aka shigo da shi daga bakin titi an ja motarsa an tafi da ita. Kuma abin da ya fi tayar min da hankali ma ba warantin ba ne, watannin da ya yi yana tuƙi da lasin da aka dakatar bai sani ba ne, domin da an kama shi a haka a New Jersey karon farko tarar dala 500 ce, ga ƙarin dala 250 duk shekara har shekara uku da hukumar motoci ke ɗora wa mutum, ga yiwuwar ƙara masa wa'adin dakatarwa. Allah ne kawai ya rufa asiri. Tun daga daren na karɓi makullin motar na ajiye a wurina, ya yi min kallon da ban saba gani ba amma bai ce komai ba.

Abu ɗaya da na tsaya a kai kafin mu taka ko'ina shi ne maganar takardun zama. Kawu yana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kuma yana shirin neman zama ɗan ƙasa, fom ɗin kuwa yana tambaya ko an taɓa kama ka ko tsare ka ko rubuta maka sammaci, don haka muka je wata ƙungiya da ke taimaka wa baƙi kyauta muka ga lauyar imigireshan, wato ta harkar shige da fice, ta duba ta ce irin wannan tikitin ba ya taɓa masa zama, amma ya rufe shi ya karɓi takardar shaidar yadda aka ƙare shari'ar ya adana, kada ya kai fom alhali waranti na buɗe. Wanda takardunsa ba su cika ba, don Allah kada ya ɗauki labarin Kawu ya ce shi ma haka zai yi kai tsaye, ya fara ganin lauyan imigireshan tukuna, kuma lauya na iya rubuta wa kotu ya nemi a janye warantin a sa sabuwar rana tun kafin mutum ya bayyana. Gaskiya ne tun 2018 babban lauyan jihar na lokacin, Gurbir Grewal, ya fitar da umarnin da ya taƙaita yadda 'yan sandan jiha da na gari ke taimaka wa jami'an shige da fice na tarayya, kuma a 2022 Matthew Platkin, wanda ke riƙe da muƙamin a lokacin, ya fitar da wani da ya ce wanda warantinsa na kotun gari bai wuce belin dala 500 ba, galibi a ba shi sabuwar ranar kotu a sallame shi a wurin maimakon a tafi da shi, amma wannan New Jersey ce, kowace jiha da nata tsarin, har gari da gari ma akwai bambanci.

Na sake kiran ofishin kotun na tambayi matar hanyoyin da ake bi. Ta ce ita ba za ta ba da shawarar lauya ba amma ga yadda suke yi, ko ya zo taga ya ajiye belin a ba shi sabuwar rana warantin ya sauka nan take, ko ya rubuto wa alƙali ya roƙi a janye ba tare da beli ba ya jira amsa, ko ya ɗauki lauya. Kawu ya so rubutun saboda kuɗi sun yi ƙasa, kwana shida ke nan ba aiki, amma da muka lissafa kowace rana da yake zaune ta fi ƙarfin abin da zai ajiye, kuma beli ai ba tara ba ne, ajiya ce, in ka halarta ana mayar maka ko a cire abin da ake bin ka a ciki. Na ba shi 150 ya cika 100. Ranar Talata da safe na ɗauki hutu na kai shi a motata, a hanya bai yi magana ba sai carbi, da muka isa fakin ya ce ɗana in sun riƙe ni ka kira matata amma kada ka faɗa wa mahaifiyarka. Na ce Kawu in sha Allahu tare za mu koma. Muka wuce na'urar bincike, muka cire bel da makullai a ɗan faranti, muka je tagar gilashi, ya tura lasinsa da kuɗin ta ƙasan gilashin hannunsa na rawa, matar ta ƙirga ta buga rasit ta haɗa da takardar sabuwar rana ta turo masa ta ce sai mako biyu. Minti goma sha biyu na duba agogo. Ya tsaya yana kallonta kamar akwai saura, sai da na taɓa kafaɗarsa. A nan na roƙi a rubuta cewa yana son tafinta na Hausa, domin haƙƙinsa ne kuma kyauta ne, yana jin Turancin aiki sarai amma na kotu daban ne, kuma na sa ta gyara adireshinsa a kwamfutarsu a gabanmu.

A mako biyun nan muka tara takardu. Wasiƙa daga kamfanin inshora da ke nuna inshorar na aiki a ainihin daren da aka tsayar da shi, wannan ita ce uwar tafiyar, sai fasfo mai hatimin fita da na shiga, tikitin jirgi, da takardar rasuwar Hajiya. Ana cikin haka wani ya kira shi a waya wai daga ofishin sherif, wato jami'an tsaro na gunduma, wai akwai waranti a kansa ya sayi katin kyauta na kanti ya karanto lambobin ko a zo a kama shi cikin awa ɗaya. Da a makon farko ne wallahi da ya biya. 'Yan damfara ne, suna kiran dubban mutane a rana ko za su dace da mai tsoro, babu kotun da ke karɓar kuɗi ta katin kyauta, in an kira ka haka ka kashe ka nemo lambar kotun da kanka daga shafinta ka kira.

Ranar zaman, duk da tun 2020 kotunan gari da yawa na yin wasu zaman ta Zoom, nasa na zuwa da kai ne. Ɗakin cike, masu kayan aikin gini, wata mata da jariri, samari, kowa riƙe da 'yar takardarsa. Alƙalin ya fara da dogon jawabi kan haƙƙoƙin kowa, cewa kana iya ɗaukar lauya, in hukuncin mai nauyi ne kuma ba ka da hali kana iya neman lauyan gwamnati, in tara ta fi ƙarfinka ka faɗa a tsara maka biya kaɗan-kaɗan. Wannan ya yi daidai da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1983 a shari'ar Bearden da jihar Georgia, cewa ba a ɗaure mutum don kawai ya kasa biyan tara sai an bincika ko da gangan ya ƙi, amma sai ka zo ka buɗe baki sannan za a san ba ka da shi. Daga nan aka yi layi wajen mai gabatar da ƙara a wani ɗan ɗaki a gefe, ya karɓi wasiƙar inshora ya duba kwanan wata ya duba tikitin, ya yi rubutu a wata 'yar takarda ya ce mu koma mu zauna.

Sai wajen sha ɗaya da rabi aka kira sunansa, a karkace kamar kullum. Ya miƙe cikin farar shaddarsa da ya sa aka goge tun jiya, aka kira tafinta ta waya aka buɗe sifika, sai ga murya ta cika ɗakin kotun tana cewa Malam ina kwana, kana ji na? Kawu ya ce lafiya lau, ina jin ka. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Alƙalin ya tambaye shi me ya hana shi zuwa wancan karon, ya ce ranka ya daɗe mahaifiyata ce ba lafiya na tafi jinya kuma ta rasu, ban san ana iya kira a ɗaga rana ba, da na sani da na kira. Alƙalin ya buɗe fasfon ya duba hatimin, ya ce ya yi masa ta'aziyya, ya ce nan gaba ko daga ina yake ya kira ko ya turo imel, ana ɗagawa. Ya kori tikitin tunda inshorar na aiki, ya ce ya biya kuɗin kotu dala 33, bai ɗora masa tarar rashin halarta ba. Kawu ya sa hannu aka cire a cikin belin, ragowar aka ce za a aiko masa da cek.

A nan ne mutane da yawa ke sake faɗawa rami, suna fitowa daga kotu sai su hau mota suna ganin an gama. Kotu daban hukumar motoci daban. Kotu za ta sanar da su cewa ta sake ka, amma lasin ba ya dawowa sai ka biya kuɗin maido da shi, dala 100, kuma sun tabbatar maka ya dawo. Kawu ya miƙo hannu a fakin yana neman makullinsa na ce Kawu ka yi haƙuri saura kaɗan. Muka biya a ranar ta intanet, muka canza adireshin a wurinsu su ma, muka jira har takardar maidowa ta fito, muka ɗauki hotonta muka tura wa kamfanin, su kuma suka ɗauki kusan mako kafin su sake bincike su buɗe masa. Gaba ɗaya kwana talatin da ɗaya ya yi ba aiki, kuɗin hayan watan sai da muka haɗa masa, na makarantar yara a gida kuma ya makara har matarsa ta kira ni tana tambaya ko lafiya.

Ranar da na mayar masa da makullin na ga ya sayi wata 'yar jakar roba mai zif ya zuba katin inshora da rajista da kwafin takardar kotun ya sa a aljihun gaban mota, asalin takardar kuma ya ba ni in ajiye masa tare da fasfona har ranar da zai kai fom ɗinsa. Daren Lahadin da ya biyo sai ga shi da abokin ɗakinsa, wani bawan Allah ɗan Maraɗi mai tuƙin tasi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula a hannu. Kawu ya ce ɗana buɗe kwamfutar nan, shi ma akwai wani tikitin fakin tun 2021 da yake ta tunani. Na ce Malam shigo ka zauna, ba ni lasinka, da lambar za mu fara.